Ɗakin karatu a makarantar firamare: koyar da karatu da aikin na'ura

Ɗakin karatu na makarantar firamare, wanda malamai suka fi kira da sunansa na Faransanci, bibliyotek, wuri ne da ake tara littattafan da suka wuce na darasin aji, domin yara su karanta a nan ko su ara su tafi da su gida. A ƴan shekarun nan an ɗora masa aiki na biyu, wato koya wa yara taɓa kwamfuta da tabilet da neman bayani a cikinsu. Sanarwar da UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, suka fitar a 1999 ta ɗauki wannan ɗaki a matsayin sashe na koyarwa kamar aji, mai buƙatar mutumin da zai riƙe shi da lokacin da aka ware masa.

A Nijar kalmar "ɗaki" takan fi abin da ke ƙasa girma. A lakwal da yawa abin da ake da shi shi ne kabad ɗaya a ofishin darekta, ko akwatin ƙarfe da ake yawo da shi daga aji zuwa aji, ko wata kusurwa a bayan aji da aka shimfiɗa tabarma aka jera littattafai a kan igiya. Dukansu suna iya yin aikin. Wanda ba ya yi shi ne kabad ɗin da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya, littattafan ciki suna nan sababbi fil da ledarsu, ana jiran ranar da baƙi za su zo a nuna musu.

Dalilin da ya sa ake maganarsa

Karatun firamare a Nijar shekara 6 ne, daga CI zuwa CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya auna yaran da ke ƙarshen wannan zango. A 2014 waɗanda suka kai matakin karatu da ake buƙata ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 sun ƙaru zuwa kusan 3 cikin 10. Ci gaba ne, amma ma'anarsa har yanzu ita ce yawancin yara kan yi shekara 6 a kan benci su fito ba su iya karanta ɗan gajeren labari su faɗi abin da ya ƙunsa.

Cikin dalilan akwai cunkoson aji, da ƙarancin horon malamai, da ranakun da ake asara a shekara. Akwai kuma wanda ya shafi ɗakin karatu kai tsaye: yaro ba ya samun abin karantawa. Littafin darasi ɗaya yara da dama ke rabawa, a gida kuma sau da yawa babu takardar boko ko ɗaya. Karatu kuwa kamar tuƙin keke yake, ana iya bayyana wa mutum ƙa'idarsa a allo, amma sai ya hau ya yi ta faɗuwa kafin ƙafarsa ta saba.

Harshen da ake farawa da shi

Yaron Maradi ko Tasawa ko Madawa yakan shigo CI da Hausa cike da bakinsa, da tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin wasa. Da yawa kuma sun riga sun zauna a makarantar allo, sun san cewa alamar da ke rubuce tana da sauti, sun san riƙe alƙalami. Idan littafin farko da aka miƙa masa na Faransanci ne, an haɗa masa wahala biyu a lokaci guda: gane haruffa da gane harshen da bai taɓa ji a gida ba. Sai ya koma hadda. Yana rera shafin daidai, amma idan aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya aka ce ya karanta, sai ya yi shiru.

Nijar ta daɗe da sanin wannan. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu harsunan ƙasa. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta amince da harsunan gida a koyarwa, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda 10. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka ba ta buga littafi, amma tana ba wa darekta da iyaye hujjar neman littattafan Hausa su sa a kanta ba tare da jin kunya ba.

Littattafan suna nan, ko da ba su da yawa. Cibiyar INDRAP da ke Yamai ita ce ta daɗe tana tsara littattafan makaranta. Maɗaba'ar Albasa da ta Gashingo sun fitar da littattafan yara cikin harsunan ƙasa. Daga Najeriya akwai tsofaffin da ba su tsufa ba, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka dace da ƴan CM, ko kuma malami ya karanta wa ƙanana da baki. Littattafan soyayya na kasuwar Kano da ake samu a teburan Maradi da Damagaram ba na yara ba ne, ko da yake su ne suka koya wa mata da yawa karatun Hausa a ɗakunansu.

Abin lura guda: rubutun Hausar Nijar da na Najeriya sun ɗan bambanta. A nan ana rubuta ƴ mai lanƙwasa, kamar a ƴaƴa da ƴan makaranta, a can kuma ana sa ɗan waƙafi a gaban y. Ba ya hana karatu, amma yaro ya kamata a nuna masa tun da wuri don kada ya ɗauka kuskure ne.

Yadda ake koyar da karatu a cikinsa

Aikin farko shi ne karatu a bayyane. Malami ko wani babba ya ɗauki littafi mai hotuna, ya zauna inda kowa zai ga shafin, ya karanta da muryar da ta dace da labarin. Kafin ya buɗe yakan tambayi yara abin da suke gani a bango da abin da suke zaton zai faru. A tsakiya yakan tsaya ya ce: me ya sa kura ta yarda da maganar gizo? Wannan tambaya ta fi "wane ne ya zo?" amfani, domin amsarta ba ta kwance a layi ɗaya, sai yaro ya haɗa abin da ya ji da abin da ya sani. Minti 15 zuwa 20 sun isa ga ƴan CI da CP.

Aiki na biyu shi ne haɗa sauti da harafi. A nan Hausa tana da sauƙi, domin kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya riƙe haruffa ya iya haɗa gaɓoɓi zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Sai dai rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na iya zama birni ko garin tuwo, "kuka" na iya zama itace ko hawaye, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Jimla ce ke warware su. Saboda haka jerin kalmomi a allo ba ya wadatarwa, dole yaro ya riƙa haɗuwa da kalma a cikin labari, kuma wannan shi ne abin da ɗakin karatu ke bayarwa wanda littafin darasi ɗaya ba zai iya ba.

Idan aka zo ƙetarawa zuwa Faransanci, akwai wuraren tuntuɓe da malami mai lura ya sani. Sautin da Hausa ke rubutawa da u, Faransanci na rubuta shi da ou. Na c a Hausa shi ne tch, na sh kuma ch. Sunayen garuruwan ƙasar nan sun isa darasi: Tawa da Tahoua, Tasawa da Tessaoua, Madawa da Madaoua. Yaron da aka nuna wa wannan a fili, da allunan kan hanya da ya saba gani, yakan daina ruɗewa da wuri. Ɗakin karatu mai kyau yakan ajiye littattafan harsunan biyu gefe da gefe, har da masu labari ɗaya cikin harshe biyu idan an samu.

Aiki na uku shi ne karatun yaro da kansa, kuma a nan ake yawan kuskure. Ana raba littattafai bisa ajin yaro, alhali a CE2 ɗaya akwai mai karanta shafi guda ba tsayawa, akwai kuma wanda bai gama sanin haruffa ba. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wadda aka gwada a ƙasashen Afirka da dama har da Nijar, ita ce a auna kowane yaro da ɗan gwaji na mintoci kaɗan: harafi, kalma, jimla, labari. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa, kuma da shi ake haɗa shi rukuni, ko da shekarunsa sun fi na sauran. A ɗakin karatu ana sauƙaƙa wannan da launi. A manna jan ƙyalle ko fenti a gindin littattafan masu jimla ɗaya a shafi, kore ga masu ɗan tsawo, shuɗi ga labarai cikakku. Tsarin lambobi irin na manyan ɗakunan karatu ba shi da wani amfani ga kanta mai littafi 200.

Sauri ma yana da muhimmanci. Masana da dama suna ɗaukar kalmomi 45 zuwa 60 a minti a matsayin mafi ƙarancin saurin da ke bai wa yaro damar riƙe farkon jimla har ya kai ƙarshenta. Mai jan gaɓa ɗaya-ɗaya yakan manta da abin da ya fara kafin ya gama. Maganinsa maimaitawa: ya karanta labari ɗaya sau uku ko huɗu, shi da abokinsa suna karɓa-karɓa, ko babba ɗan CM ya zauna da ƙaramin ɗan CP.

Sai aro. Nan ne darektoci suka fi jin tsoro, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, domin littafi yana ɓacewa, yana yagewa, akuya ma tana ci. Amma littafin da ya je gida ba yaro ɗaya ke karanta shi ba. Ƙannensa za su kalli hotuna, uwarsa da ta yi yaƙi da jahilci za ta gwada, wani lokaci uban ma. Kaye ɗaya mai layi huɗu, suna da aji da littafi da rana, ya isa rajista. Inda kwamitin kula da makaranta, CGDES, da ƙungiyar uwayen ɗalibai suka shiga maganar tun farko, littattafai sun fi dawowa, domin an san gidan kowa. Yarinyar da talla ko aikin gida ke hana ta tsayawa bayan an tashi, aro ne kaɗai hanyarta.

Na'ura

Shigar da na'ura cikin aji ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1964 Nijar ta fara talabijin ɗin makaranta tare da taimakon Faransa, ana shirya darussa a Yamai ana nuna su a azuzuwa, wasu akwatunan ma daga baya da hasken rana ake kunna su. Shirin ya yi suna a duniya, amma bai taɓa kai ga yawancin yaran ƙasar ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kayansa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa. Duk mai shirin kawo tabilet lakwal ya kamata ya san wannan tarihi, domin tambayoyin ba su canza ba: wa zai gyara, wa zai biya, me zai faru ranar da mai tallafi ya tafi.

Abin da ake nufi da ƙwarewar na'ura a firamare ba shi da yawa. Yaro ya iya kunnawa da kashewa yadda ya dace, ya riƙe linzami ko ya sarrafa fuskar tabilet, ya rubuta sunansa da ƴan jimloli, ya adana abin da ya rubuta ya sake nemo shi, ya binciki wani bayani, ya kuma san abin da bai kamata ya yi ba. Yara da yawa a birni sun riga sun iya latsa wayar iyayensu, suna buɗe bidiyo suna tura saƙon murya a WhatsApp tun ba su san harafi ba. Iyaye kan ɗauki wannan a matsayin iya na'ura. Ranar da aka ce yaron ya rubuta tambaya ya karanta amsa, sai a ga inda iyawar ta tsaya. Shi ya sa malamai masu gogewa ba sa ware darasin na'ura daga na karatu.

Rubutu shi ne mahaɗin da ya fi kyau. Yara su kawo tatsuniya daga wajen kakanninsu, su rubuta a kaye, a gyara tare, sannan su buga a kwamfuta, su zana hotuna a ɗauka da waya. Manhajar Bloom, wadda ƙungiyar SIL ta yi kuma kyauta ce, an tsara ta ne domin irin wannan aiki, haɗa ƙananan littattafai cikin harsunan da ba su da yawan abin karantawa. Idan aka buga ƴan kofe aka sa a kanta, ɗakin karatu ya ƙaru da littafi, yaro kuma ya ga sunansa a bango.

A nan ne ake karo da haruffa masu lanƙwasa. Allon rubutun kwamfutocin da ke ƙasar nan na Faransanci ne, wanda layinsa ke farawa da AZERTY, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kansa. Mutane sun saba barinsu, har a rubutun hukuma. Ga babba ba matsala, yana cike gurbin da kansa. Ga mai koyo kuwa, "baƙi" da "baki" ko "ɗaki" da "daki" abubuwa ne daban, kuma idan aka saba masa da rubuta su iri ɗaya, gyaran yana da wuya. A waya da tabilet, Gboard yana da allon Hausa. A kwamfuta ana iya sa manhajar Keyman. Aikin minti kaɗan ne, amma sai an tuna an yi shi kafin yara su fara.

Rashin rezo da tsadar intanet ba sa hana aikin. Kiwix na ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a buɗe ta ba tare da intanet ba. Vikidia kundin sani ne na yara da Faransanci. African Storybook, na wata cibiya a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, suna da labaran yara masu hotuna da Hausa da Faransanci waɗanda ake saukewa kyauta a kuma buga a takarda. GCompris tarin wasannin koyo ne na haruffa da lissafi da riƙon linzami. Duk waɗannan ana iya zuba su a ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, wadda ke raba su ga tabilet ɗin da ke cikin ɗaki ta Wi-Fi na cikin gida. Ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta Faransa tana haɗa irin waɗannan akwatuna. Ga ƴan firamare wannan tsari ya ma fi buɗaɗɗen intanet kwanciyar hankali, domin malami ya san duk abin da ke ciki.

Bincike shi ma sai an koya. Yaron da ya rubuta "Tasawa" bai samu komai ba, ya kamata ya san ya gwada "Tessaoua". Ya koyi zaɓar kalma biyu ko uku maimakon zuba jimla duka. Ga ƴan CM ana ƙara tambayoyi uku game da duk abin da suka gani a fuskar na'ura: wa ya faɗa, yaushe, kuma akwai wani wuri dabam da ya faɗi haka? Hoton da ke yawo a WhatsApp ana cewa jiya aka ɗauke shi a Yamai, alhali tsoho ne daga wata ƙasa, misali ne da kowane yaro zai gane. Ana kuma gaya musu kada su bai wa baƙo sunansu ko hotonsu ko kwatancen gidansu, kada su tura hoton wani ba da izninsa ba. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma yaɗa abin da ba a tabbatar ba na iya kai babba gaban alƙali.

Wuta, ƙura da gara

Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma ko a birane ɗaukewar kuran abin yau da kullum ne, musamman lokacin zafi. Tabilet ta fi kwamfutar tebur dacewa saboda tana cin wuta kaɗan, fanel ɗin hasken rana da batir ɗaya na iya cika da dama. Abin da ke fara mutuwa shi ne batir da caja, kuma kasafin da bai tanadi canjinsu ba, shekara biyu ko uku zai bar makaranta da akwatin gilasai. Ƙurar hunturu tana toshe na'ura, zafin Afirilu da Mayu yana kumbura batir, don haka ana rufe su da ƙyalle a ajiye nesa da rufin kwano.

Littafi kuma maƙiyansa gara da ɗigon damina. Kanta ta ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, aka janye daga bango, ta fi ta katako. Dogon hutu, daga Yuli zuwa Satumba, shi ne lokacin da aka fi asara, domin ɗaki na rufe wata uku ba mai leƙawa. Dubban azuzuwa a ƙasar har yanzu na zana ne da kara, kuma gobarar da ta hallaka yara a unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afirilun 2021, da ta Maradi a Nuwamban wannan shekarar, ta nuna haɗarinsu. Batir da wayoyin wuta ba su da wurin zama a irin wannan aji. A makarantar da babu ginin ƙasa ko na siminti, akwatin ƙarfe ake amfani da shi, a ajiye a gidan da kwamiti ya amince da shi, a kawo da safe.

Wanda ke riƙe da makulli

Makarantun firamare na gwamnati ba su cika samun ma'aikacin ɗakin karatu na musamman ba. Aikin yakan faɗa kan malami ɗaya, sau da yawa ɗan kwantaragi mai nasa ajin cike, kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki sai ɗakin ya rufe. Makarantun da suka daure su ne waɗanda suka horar da aƙalla mutum biyu, suka sa sa'ar ɗakin karatu ta kowane aji a cikin jadawalin mako, suka kuma bai wa manyan ɗalibai aikin rajista da jera littattafai. A garuruwan da ke da cibiyar karatu ta CLAC ko gidan al'adu, makaranta na iya ƙulla aron littattafai akwati-akwati, a canza duk wata uku, ta yadda yaran da suka gama karanta abin da ke kantarsu za su tarar da sabo bayan hutu.